Babi na Huɗu da 'Yar Mushe Illa

Inusa ya rubuta littafi a kan lakwal, wato makarantar Mushe Illa, ya kuma nemi auren 'yarsa.

Inusa ɗan unguwar Zango ne, cikin Damagaram. Ilimin halayyar ɗalibai ya karanta a jami'a, kuma shekara bakwai ya yi yana bin tambaya ɗaya: me ke sa yaro ya dage da karatu, me ke sa ya saki. Littafin nan shi zai ba shi digirin dakta. Ya zaga makarantun Zango da na Mirriya, ya zauna da yara sama da ɗari huɗu. Ya ji abin tausayi har ya daina jin komai. In yaro ya fashe da kuka, sai ya jira ya gama, ya rubuta.

A wani ƙauye bayan Takieta ya fara ganin Hajara. 'Yan aji biyar take koyarwa, alli duk ya ɓata mata hannu. Ya miƙa mata takardar tambayoyinsa da Faransanci. Ta duba, ta mayar masa. Ta ce in aka tambayi yaran nan da Faransanci, amsar da mushe, wato malami, ke so za su bayar. In gaskiya yake nema, ya zauna a ƙasa ya yi musu Hausa.

Ya dube ta. Ya zauna a ƙasa.

Ubanta, Mushe Illa, shi ne daraktan makarantar, shekara talatin da ɗaya. Yana da al'ada. Ranar rufe makaranta sai a tara yara da iyaye a fili, ya tsaya da takarda ya kira sunaye daga na ɗaya har na ƙarshe. Na gaba a tafa musu. Goman ƙarshe a yi musu ihu. Ya ce da haka ya fitar da likitoci biyu da kanar ɗaya, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Inusa ya ga ranar da idonsa. Ya kuma bi lambobin yaran na shekara shida. Duk wanda aka yi wa ihu sau uku, ba ya ƙara tashi. Rabinsu ba sa dawowa bayan damina. A ajin Hajara kuwa abin ya ɗan bambanta, don ita a ɓoye take kiran yaro ta nuna masa makin da ya ci bara da wanda ya ci bana, ba ta haɗa shi da kowa.

Aikin ya ƙare, zuwan Inusa bai ƙare ba. Kowace Asabar da la'asar yana zauren gidansu. Tana ce masa Mai Tambaya, yana ce mata Hajjo. In ya hau motar komawa, sai saƙonta ya shigo salula:

"Mai Tambaya, yau sau goma sha ɗaya ka tambaye ni. Na ƙirga. Ta goma sha biyun fa?"

Ya rubuta: "Wannan sai baffana ya zo ya yi ta, Hajjo."

Wata Asabar ta ba shi labarin da ba ta taɓa ba kowa ba. Tana da shekara tara ta zo ta arba'in da bakwai cikin yara arba'in da takwas. Ubanta ya kira sunanta bai ko ɗaga kai ba. Aka yi mata ihu. Ya yi wata guda bai amsa gaisuwarta ba.

"Har yau in an kira sunana da ƙarfi, sai hannuwana su yi sanyi," ta ce.

Ya ce mata Allah ya kiyaye gaba. A cikin mota ya ciro littafinsa ya rubuta maganar kalma da kalma. Bai yi shawara da zuciyarsa ba. Hannun ne ya saba.

Maganar ta shiga babi na huɗu. Ya bi ƙa'idar da aka koya masa, ya ɓoye sunaye. Makarantar ta zama "Lakwal C". Hajara ta zama "malama mai shekara ashirin da shida, 'yar darakta". A ganinsa ya rufe asiri. A duk ƙasar Takieta kuwa darakta ɗaya ne 'yarsa ke koyarwa a ƙarƙashinsa.

Ya karanta babin a wani taron malamai a Damagaram. Tun bai gama ba aka fara waige-waige. A cikin masu saurare akwai Abdul'aziz, ansifekta mai duba makarantun yankin. Ɗalibin Mushe Illa ne, wanda ya yi shekara shida yana zuwa na ɗaya, kuma shi tsohon yake so ya ba Hajara. Ya nemi kwafi, Inusa ya ba shi.

Bayan sati uku takarda ta iso ƙauyen daga ofishin ilimi. A daina kiran sunaye a fili. Darakta ya miƙa makullai ga mataimakinsa. Saura shekara ɗaya ya ajiye aiki da mutuncinsa.

Saƙon Hajara ya zo Inusa na cin abincin rana.

"Na ba ka magana a zaure, ka kai ta taro. Zance kake zuwa, ko bincike?"

Ya karanta sau biyu. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. Ya gama cin abincin, ya wanke hannu, sannan ya rubuta:

"Duka biyun. Ban san inda ɗaya ya tsaya ba. Na yi laifi."

Ba ta amsa ba. Ya ci gaba da zuwa ofis yana gyara lambobi. Abokan aiki na yaba babin, yana cewa na gode. Baffansa Idris ya je ƙauyen sau biyu neman aure. Sau biyu Mushe Illa ya ba shi ruwa, ya ce ba shi da 'yar da zai ba ɗan leƙen asiri.

Bayan wata biyu Inusa ya sake rubuta mata. Ya ce zai cire babin gaba ɗaya, ko da littafin zai rushe, don a kansa sauran suka tsaya. Kwana huɗu kafin amsa ta zo.

"Cire nawa. Na yaran ka bari, gaskiya suka faɗa. Ka rame, an ce mini. Ka riƙa cin abinci, Mai Tambaya."

Ya cire layukan nata. Amma an riga an ji su.

Shi kuwa Mushe Illa, tun ranar da takardar ta zo ya gane sa hannun da ke ƙasanta. Shi ya koya wa mai hannun riƙe alƙalami. Sai wata rana Abdul'aziz ya zo gaisuwa yana cewa aikin ofis ne, ba yadda ya iya. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya ce kada ya ƙara tako masa ƙofar gida.

Da Abdul'aziz ya tafi, tsohon ya kira Hajara. Ta durƙusa a bakin tabarma.

"Abin da yaron nan Inusa ya rubuta, ke kika faɗa?"

"Ni ce, Baba."

"Haka ne?"

"Haka ne."

Ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya tambaye ta ko har yanzu tana son sa. Ta sunkuyar da kai. Ya ce ta tashi ta tafi. Washegari ya aika wa Idris cewa su zo bayan kaka.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a, bayan an shigar da gero. Aka raba goro da dabino, aka shafa fatiha. Tsofaffin ɗaliban Mushe Illa sun cika ƙofar gida, waɗanda aka tafa wa da waɗanda aka yi wa ihu, duk suka miƙa masa hannu. Daga cikin gida saƙo ya shigo wa Inusa:

"An amsa ta goma sha biyu. Allah ya bar mu tare, mijina."

Ya riƙe salular a hannu, ya ji wani ɗumi kaɗan, kamar ƙafar da ta yi sanyi ta fara dawowa.

Da mutane suka ragu, ya shiga zaure. Tsohon na zaune shi kaɗai, hularsa a gwiwa. Inusa ya cire takalmi ya durƙusa. Mushe Illa ya ce ya riƙe Hajara amana, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Inusa ya ce amin. Bai tashi ba.

"Baba, abin da na jawo muku, ina roƙon a yafe mini."

Tsohon ya ɗauki hularsa ya sa.

"Mata na ba ka. Albarka na sa maka. Wannan kuwa ba zan yafe ba."