Hanyar Ƙarƙashin Dutsen Ɓaure

"Kowa ya kwanta! Kai direba — kashe motar nan!"

Rana tsaka ce, ranar kasuwar Sheme. Barau ya gicciya kututture a titi, Badamasi kuma ya ɗora bakin bindiga a gilashin baƙar motar. Harisu na gefe bisa babur, fuska naɗe da rawani, hannu a kan totur. Ba ya riƙe da makami. Aikinsa ɗaya ne: in an gama, ya ja su su ɓace.

Alhaji Maharazu, mai sayen zinare a hannun masu haƙa, ya fito yana salati, hularsa ta faɗi cikin taɓo.

"Bayin Allah, ku ɗauki komi, ku bar mani raina!"

"Jakar, Alhaji! Maza!"

Direban ya fito, hannuwa sama. Harisu ya dube shi. Audi ne! Audi, mijin ƙanwarsa Mansura. Direban bai kalli bindiga ba. Hannun da ke kan totur ya ƙura wa ido, hannun nan mai yatsa huɗu, wanda dutse ya datse shekarun baya.

"Yaya Harisu?"

Tau!

Audi ya dafe ƙirji, ya sulale jikin ƙofa.

"Ja mu tahi!" Badamasi ya daka tsawa, ya haye bayan Barau. "Ja, don ubanka!"

Harisu ya ja. Bai san lokacin da ya ja ba.

Wata huɗu ke nan da fara wannan magana. Harisu tsohon mahaƙin farar ƙasa ne a Ƙanƙara, ya koma gyaran babura da cajin batur da sola. Wata rana Badamasi, abokinsa tun na makarantar allo, ya zauna bakin shagonsa ya miƙo masa waya.

"Dubi wanga gari na 'yan yawon buɗe ido, can ƙasar waje. Sama cunkoso, su kuwa sun huda ƙasa. Baƙo ya shiga motar lantarki nan, ya ɓulla can ƙarshen gari. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba mai tsai da kai."

Harisu ya kalli motocin suna sulalawa cikin farin rami mai fitilu, ya yi dariya.

"Mu ma ai muna da namu. Tsohon ramin Dutsen Ɓaure, in an buɗe wuri biyu da sunka rufta, sai ka shiga ta Sheme ka fito bayan dutse. Sai dai babur ɗin fetur bai shiga, hayaƙi kashe mutum zai yi."

Badamasi bai yi dariya ba. Bayan sati ya kawo babura biyu masu caji, sababbi fil.

Harisu ba yaro ba ne, ya san abin da ake nufi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ba jini. Badamasi ya rantse. Daga nan Harisu ya shiga ramin shi da Barau, suna kwashe ƙasa, suna tokare rufi da itacen marke, har hanya ta fita sumul. In ya tsaya ya haska ta da tocila, har wani alfahari yake ji.

Yanzu ga shi a kanta, hawaye na jiƙa rawani.

A bakin titi kuwa, motar 'yan sanda ta ci birki. Sufeto Abdulgafar ya duro.

"Ina suka bi?"

"Yallaɓai, ba mu ji ƙarar komi ba," in ji wata mai tallar nono. "Kamar aljanu. Amma na ga ƙurarsu ta yi wajen dutse."

Sufeto ya duƙa. Ruwan jiya ya bar ƙasa da laushi, ga sawun taya biyu ƙarara.

"Ku biyu ku kai direban asibiti. Sauran — ku biyo ni!"

Cikin rami fitilar Harisu na yanka duhu. Kwana hagu. Sunkuya. Gangara. Kwana dama. Ruwa na ɗiga a wuyansa. Da hasken ƙofar fita ya bayyana kamar ƙwayar gero, sai ya taka birki, ya gicciye babur ya tare hanya.

"Mi ya faru?" in ji Barau.

Harisu ya sauka, ya warware rawani.

"Badamasi. Ka san Audi ne ke jan motar?"

"Matsa mu wuce."

"Ka sani?"

"Na sani. Shi ya sa ban faɗa maka ba."

"Ka rantse mani!"

"Ya kira sunanka, mutumina. So kake ya kira shi gaban alƙali?"

Harisu ya ja da baya, kafaɗarsa ta taɓa ginshiƙin da ya kafa da hannunsa. Sai ya ji wani abu ya goge shi. Ya haska. Igiya ce, sabuwa, an ɗaure ta a gindin ginshiƙin, an ja ta har waje. Ba shi ya ɗaura ba. Kuma ba yau aka ɗaura ba, ƙullin ya sha raɓa.

Ya dubi Barau, mutumin da suka yi wata huɗu suna cin tuwo a kwano ɗaya cikin wannan rami. Barau ya kau da kai.

"Ashe ko Audi bai yi magana ba..."

"Rami ya gama aikinshi," in ji Badamasi. "Mai rami ma haka."

Tau!

Gwiwar Harisu ta tarwatse. Ya faɗi yana ihu. Badamasi ya tsallake shi ya hau babur ɗin Harisu. Fitilu biyu suka yi gaba, suka fice. Igiya ta miƙe — ƙaƙas! — ginshiƙi ya goce. Harisu ya mirgina baya da ƙarfin da bai san yana da shi ba.

Rugugum!

Duhu. Ƙura ta cika masa baki.

Ya daɗe kwance. Ba zafin ƙafa ya fi cinsa ba. Ya yage rawani ya ɗaure cinya, ya fara jan ciki ya nufi inda suka fito, yana lalubar ginshiƙansa ɗaya bayan ɗaya. A na goma sha wani abu, haske ya doke masa ido.

"Kada ka motsa! Hannu sama!"

"Yallaɓai," ya ce da ƙyar, "gaba ta toshe. Ku zagaya. Hanyar dajin Damari za su bi."

"Mu yarda da kai?"

"Kwana biyu hadari ake, sola ba ta ja wuta ba. Baturan rabi ne. Ba su sani ba. Ba za su kai ba."

Sufeto ya dube shi, ya dubi ƙafar, ya ɗaga rediyo.

"Yallaɓai... direban?"

"Ya cika kafin a kai shi."

Da la'asar aka samu Barau kife cikin gonar masara, harsashi a gadon baya, mataccen babur a gefensa. Nasa ne ya fara mutuwa, Badamasi kuwa bai ga dalilin ɗaukar kaya biyu ba. Shi ma bai yi nisa ba. Manoman Damari ne suka hango mutum na tura babur a guje da jaka a wuya, suka yi masa ƙawanya da fartanya har 'yan sanda suka iso. Bindigarsa ba sauran harsashi; ya ƙarar da su a kan mutanensa.

Likita ya yanke ƙafar Harisu daga gwiwa. Sati uku yana kwance, ankwa ɗaure da ƙarfen gado, ba wanda ya leƙo daga gida. Ran na ashirin da biyu Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine su shi da Mansura, ta shigo tana dogara sanda. Ba ta zauna ba.

"Goggo, ina wuni."

"Mansura ta sauka. Namiji. Jiya anka yi suna."

Harisu ya rufe ido. "Allah shi raya."

"Tun cikin na wata uku Audi ke faɗin in namiji ne sunanka za shi sa mai. Kowa ya sani. Liman ma da shi ya zo a bakinshi." Ta gyara mayafi. "Ta aiko daga ɗaki ta ce a sa Abdulkarim."

"Goggo, ki ce mata..."

"Ba ta aiko ni in amso saƙo ba."

Ta juya. Yana jin ƙarar sandarta a kan siminti har ta fice, ɗan sandan da ke gadi ya ja ƙofa.