Kalmar Sirrin Injiniya

Magariba ta kawo jiki, an kwashe shanya daga igiya, lokacin da tsakuwar farko ta faɗo kan kwanon ɗakin Auta. Umma ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Ta biyu ta faɗo, sannan ta uku, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ladabi. A cikin ɗakin kuma fankar kwamfuta ta soma gurnani, alhali wayar wutarta na nannaɗe a ƙasa.

Mai gidan, wanda kowa ke kira Injiniya, mutum ne mai ra'ayi. A wurinsa, manhajar da ba a iya buɗe cikinta a duba, kurkuku ce. Shi ya goge wadda ke kan kwamfutar 'yarsa Auta, tana kuka, ya sa mata buɗaɗɗiya. Shi ne kuma ya tsinka Kawu, yayan matarsa, a gaban baƙi, ya ce masa:

"Kawu, wanda ba ya sabunta tsaron na'urarsa, gara ya cire ƙyauren gidansa ya huta."

Sai dai kwamfutar Auta ba ta karɓar sabuntawa sai da kalmar sirri, kuma shi kaɗai ya san ta. Duk sanda saƙon ya fito a allo, takan same shi. "Baba, tana neman kalmar." Shi kuwa ya ce, "Anjima." Damina ta wuce a kan anjima.

Tsakuwa ta ci gaba da zuba duk yamma. Auta ta daina cin abinci. Sai ta zauna gaban baƙin allo, yatsunta na tafiya a kan madannai, tana maimaita huɗubar mahaifinta da wata murya mai kauri wadda ba tata ba. Umma ta kira Kawu, Kawu ya zo da Malam.

Malam ya daɗe yana karatu. Gidan ya yi tsit, har ana jin ɗigon famfo. Can Auta ta ɗago kai.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Me ya kawo ka jikin yarinyar mutane?"

"Kango na samu. Mu ma'abota kango ne. Wurin da ake ta kiran a toshe ɓaraka, mai shi na cewa anjima, ai ya yafe shi. Daga akwatin nan, kwamfutar, na miƙa hannu ga mai zama gabansa."

"Za ka fita."

"Ku bar min akwatin."

"Ba ka da masauki a gidan nan."

Muryar ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "To mai gida ya toshe da hannunsa, in tafi. Ga shi nan tsaye. Ya buga kalmar mana."

Duk suka juya. Injiniya ya jona wayar wuta, ya zauna, ya ɗora yatsu a kan madannai. Bai danna komai ba.

"Baban Auta," in ji Umma a hankali, "'yarka ce fa."

"Na manta ta," ya ce, idonsa a ƙasa. "Tun makon da na sa ta."

Kawu ya kau da kai ya dubi bango. Da ya yi dariya ma, da ya fi sauƙi.

"Ni ban manta ba," in ji muryar. "Sharaɗina ɗaya: ya roƙe ni, in faɗa kowa ya ji."

Malam ya buɗe baki zai hana, amma Injiniya ya riga shi. "Don Allah, faɗa min."

"Nafikowasani. A haɗe, ba tazara."

Injiniya ya buga ta harafi bayan harafi, allon ya karɓa. Layin sabuntawa ya soma cika, Malam ya koma karatunsa. Da layin ya kai ƙarshe, fankar ta yi shiru, Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin mahaifiyarta. Tsakuwa ɗaya ta gangaro daga kan kwano ta faɗi tsakar gida, shi ke nan.

Washegari da hantsi Auta ta sha ruwa, ta nemi abinci. Injiniya ya ja mata kujera gaban kwamfutar, ya nuna mata inda ake canza kalmar sirri.

"Wacce zan sa, Baba?"

"Wadda kika ga dama."

Ya juya mata baya yana kallon taga, har sai da ƙarar madannan ta tsaya.