Dogon Taki da Gajere

Daren Talata, bayan sallar isha'i, na ji wani kuka daga kogi wanda ban taɓa jin irinsa ba. Ina zaune a bakin fadamar shinkafata a Saga, ina korar sauro. Wuuu-wan, wuuu-wan. Kamar mutum biyu suna jan waƙa ɗaya, na biyun yana ɗingishi. Shekara goma sha tara na yi a jirgin kaya tsakanin Yamai da Gaya, na san muryar moter. Waɗannan moter biyu ne a bayan jirgi guda, amma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Sai bayan wata biyu na san dalili, daga bakin Hasan makanike, maƙwabcinmu, a gidan kaso.

Su uku ne. Yacouba shi ne patron, wato shugabansu. Hasan ya tashi maraya a ɗakin uwar Yacouba, nono ɗaya suka sha. Na ukun Nazifi ne, ƙato mai moto, shi ke riƙe bindiga.

Da yammacin Talatar nan suka haɗu a rumfar Hasan a bakin ruwa. Yacouba ya zazzage buhu, elis biyu suka faɗo, wato farfelar da ke tura jirgi.

"Daga kasuwar Katako. Ɗaura su."

Hasan ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. "Yaya, waɗannan masu dogon taki ne."

"Yi mana Hausa, injiniya," in ji Nazifi.

"Elis kamar ƙafa ce. Mai dogon taki tana gudu, ba ta shan esansi, wato mai, amma sai jirgi ba nauyi. Mu uku, ga tumbinka kamar buhun masara, jirgin ba zai hau kan ruwa ba. Noma zai yi ta yi, moter na nishi, mai na ƙonewa. Gajeren taki ne namu."

"Bar tumbina, uwarka ce ta ciyar da shi?" in ji Nazifi.

Hasan bai kula shi ba. "Esansi nawa ka tanada, Yaya?"

"Lita sittin."

"Sittin ba ta kai mutum uku garin Say."

"Za ta kai."

Hasan ya yi lissafi a ransa. Mutum ɗaya za ta kai. Yacouba ya dafa masa kafaɗa.

"Nonon Inna muka sha ni da kai. Ɗaura."

Da suka tafi, Hasan ya ɗaura doguwar a moter na dama. Ya tsaya da ta biyun a hannu har duhu ya rufe. Rabin zuciyarsa ya ce ɗan'uwanka ne. Rabin ya ce ka san aikinka. Ya bar tsohuwar gajeriyar a na hagu, ya cusa sabuwar cikin yashi, ya fita gwaji. Abin da na ji ke nan.

Ranar Juma'a, ƙarfe ɗaya da rabi, unguwar Kalley ta watse, kowa ya nufi masallaci. Alhaji Abdoulkarim, mai sayen zinariya daga hannun masu haƙa, yana kulle shago, darduma a hammata. Moto ta ci birki a bayansa.

"Buɗe, Alhaji."

"'Ya'yana, yau fa Juma'a."

"Shi ya sa muka zo, babu layi," in ji Yacouba.

Alhaji ya rungume makullin. Nazifi ya ɗaga gindin bindiga, ƙwas! Jini ya wanke farar rigar. Minti uku sun fito. Jakar zinariyar da suka ɗauko ba ta fi nauyin kaza ba.

Wata mai sayar da fura ta ga komai, ta kurma ihu. Kafin su bar unguwar Gamkalle motar jandarma na bayansu. Ajidan ɗin da ke gaba, babbansu, ya ga moton ta sauka daga gudron, wato kwalta, ta nufi fadama. Ya ɗauki oba-oba.

"Kogi za su bi. A fito da jirgi."

Moton ta kafe a taɓo. Suka zubar da ita, suka ruga ta cikin shinkafata. Hasan na jiransu a bakin ruwa. Yacouba ne ya fara faɗawa jirgi, jaka a ƙugu. Moter biyu suka tashi.

"Hasan, kwance igiya! Tura!"

Hasan ya kwance, ya tura, ruwa har gwiwa. Ya kama gefen jirgin zai hau, sai takalmin Yacouba ya sauka a kan yatsunsa.

"Yaya..."

Yacouba bai dube shi ba. Ya murɗa wuta.

Nazifi ya tsaya baki buɗe. "Ɗan iska!" Ya sakar wa jirgin harsashi biyu, ya juyo kan jandarma, amma suka riga shi. Tau! Tau! Ya kife cikin shinkafar, tumbin a sama. Hasan bai ko gudu ba. A cikin ruwa suka same shi tsaye, yana kallon yatsunsa.

Jirgin ya hau kan ruwa, amma a karkace. Moter na hagu yana ƙara kamar akuyar da ake yankawa, yana zuƙe mai. Na dama yana ture shi gefe. Yacouba na kokawa da tuƙi, gumi na shiga masa ido. Ya girgiza bidon ɗin mai. Saura rabi! Tun yanzu?

Jirgin jandarma ya iso inda tsibiri ya raba kogin biyu. Ajidan ya ce a kashe moter, a saurara. Can ta reshen hagu: wuuu-wan, wuuu-wan.

"Ga shi can yana kiran mu."

Kafin garin Kollo man ya ƙare. Na hagu ya yi tari ya mutu, na dama ya bi shi. Yacouba ya waiwaya, ya ga farin kumfa na tahowa. Ya faɗa ruwa da jakarsa. Shi kuwa tun muna ganinsa yaro bai iya iyo ba, Hasan ke fito da shi. A rana ta uku masunta suka tsamo shi. Jakar babu.

Alhaji ya rasa idon hagu. Hasan ya samu shekara ashirin, yatsu biyu sun shanye. Ni kuma inda Nazifi ya faɗi na kasa yanke shinkafar, na bar wa tsuntsaye.

Da na je ganinsa, Hasan ya ce, "Baba, da na ɗaura dogayen duka, da yanzu yana raye."

Na tono elis ɗin daga yashi, tana rataye a zaurena. Jiya muna zaune da 'yan unguwa ina ba su labarin, sai Lami, maƙwabciyata mai tuyar ƙosai, ta ajiye matsami ta dubi ƙarfen.

"To Baba, tunda ya san a bakin ruwa za a bar shi, me ya sa ya tura masa jirgin?"