Layi Bakwai a Jikin Katanga

Tun da hantsi na'urar da ake kira Jiyau take tsaye a tsakiyar filin wasan yara na unguwar Makera, tana karɓar ra'ayin jama'a. Aikinta ba wuya. Kowa ya faɗi abin da yake so, ta tattara, washegari injin gini ya rushe tsoho ya zuba sabo. Tanimu, ma'aikacin da ke kula da ita, ya gyara fili arba'in a shekarar 2094 kaɗai, har ya daina jin komai. Wannan na son lilo mai tashi sama, wancan na son ciyawar da ba ta bushewa. To, madalla.

Ƙa'ida ɗaya ce. Duk abin da ake so a bari, sai mai roƙo ya faɗi sunan mai shi da bakinsa, a gaban jama'a.

Wata dattijuwa, Goggo Tabawa, ta matso ta nuna tsohuwar katanga. Akwai layi bakwai a jikinta, an karta da ƙusa. A da, duk ƙaramar salla a nan take auna tsawon ɗanta. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin layi na takwas, shekara talatin ke nan.

"A bar mini wannan," in ji ta.

"Faɗi sunan mai shi," in ji Jiyau.

Goggo ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Ko lokacin da yake raye kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunansa ba, balle yau a bainar jama'a.

"Na yaron nan ne."

"Ba a samu suna ba. Saura daƙiƙa goma."

Tanimu ya rage murya. "Goggo, ki daure ki faɗa, ko a hankali ne."

"Ɗan nan, bakina ba zai iya ba."

Daƙiƙa goma ta cika. Tanimu ya san kuskure ne, amma na'urar ba ta da maɓallin komawa baya, shi kuma ba shi da sauran ƙarfin gardama.

Washegari fili ya fito fes. Allon Jiyau ya rubuta cewa an cika burin kowa, ɗari bisa ɗari. Tanimu ya sa hannu, fili na gaba na jiransa.

Yana naɗe wayar na'urar ya hango Goggo tsaye inda katangar take a da. Ba ta kuka. Ta miƙa tafin hannu a iska daidai ƙugunta, ta ɗan ɗaga, ta ɗan sauke, tana neman inda kan yaron ya tsaya.