Wanda Na Tarar a Tafkin Kuroda

Ni ban yi makaranta ba, amma ina da ido. Ina tsaye a gaɓa farfelar jirgin ruwan Kuroda ta bi ta kan ɗana Katsuji yana cikin teku, ranar da Kuroda ya kwaso baƙin Tokyo masu nutso. Hukuma ta ce igiyar ruwa ce. Ko gawa ban samu ba.

Kowa ya san Kuroda yana wanka shi kaɗai da tsakar dare a tafkin ruwan zafi na bakin teku. Na ɗauki ƙarfen da nake ɓamɓaro dodon koɗi daga duwatsun teku da shi, na tafi.

Yana ciki, ya ba ni baya. Tafkin ba ya tururi a daren, amma ban kula ba.

"Kuroda, tsohon banza, yau sai ka faɗa da bakinka."

Na sauke masa ƙarfen a ƙeya. Na ƙara, na ƙara, har hannuna ya sage. Babu jini, sai ruwan gishiri mai sanyi da ya fantsamo mini a baki.

Ya ɗago kaɗan. Bayansa a tsattsage yake, sara bisa sara irin na farfela.

"Inna," ya ce da muryar Katsuji, bai juyo ba. "Sanyi ne ya shigo da ni. Ke ma dukana za ki yi?"