Kwana Ukun Mijinyawa

A zamanin yaƙin Hitila, Turawa sun sa an share wani fili a dajin da ke tsakanin Bodinga da Shagari, don jirgin sama ya riƙa sauka in ta kama. Ba wani babban wuri ba ne. Ƙasa ce aka daddaɓe, aka jera duwatsu hagu da dama, aka kafa bukka ɗaya a gefe. A bukkar nan Mijinyawa mai gadi yake zaune shi kaɗai.

Aikinsa bai da yawa. Ya kori shanun Fulani, ya shafa wa duwatsu farar ƙasa, in jirgi zai sauka ya tada hayaki da ɗanyen ganye don matuƙi ya ga inda iska ta dosa. Jirgin kuwa sai a yi wata uku bai zo ba. Tun da matarsa Balaraba ta rasu babu haihuwa, Mijinyawa kan yi kwana shida bai ji muryar mutum ba sai tasa.

Wata ranar Laraba, ƙarshen damina, Lawali masinja ya iso kan keke bayan la'asar.

"Baba Mijinyawa, jirgi na tahe gobe da hantsi. Bature ya ce hili shi zan sumul awa tahin hannu."

Mijinyawa ya nuna masa tsakiyar fili. Wani suri ne ya taso wurin cikin ruwan bana, ya kai ƙugun mutum.

"Wanga fa? Ka san ba a hwasa suri haka nan. Sai an yi sallama, an aje ƙwaryar nono, an ba masu gida kwana ukku su tashi."

Lawali ya yi dariya. "To, hau bayana in kai ka, ka hwaɗa ma Bature aljannu na son kwana ukku. In jirgi ya yi tuntuɓe, ni dai ba ni ad da hili ba."

Ya hau kekensa ya tafi. Mijinyawa ya bi shi da ido har ya ɓace.

Ya daɗe tsaye da diga a hannu. Ya san al'adar sarai, ubansa ma haka yake yi in zai faɗaɗa gona. Amma gobe gobe ce. Ya ɗaga digar, ko sallama bai yi ba, don kunyar yin sallamar da ba zai jira amsarta ba.

Surin ya fashe cikin sauƙi. Babu gara ko ɗaya a ciki. Sai ɗumi da ya bugi fuskarsa, da ƙamshin tuwon da aka sauke yanzu.

Ya baje ƙasar da sauri, ya daddaɓe.

Rana ta yi ja lokacin da ya ɗauki bokitin farar ƙasa zai ƙarasa duwatsun kudu. Yana cikin shafawa ya lura kurciyoyi sun yi shiru. Gyare ma bai fara ba. Babu abin da yake ji sai ƙarar tsumma kan dutse.

Sai ya ji tari a bayansa. Tarin tsohuwa.

Ya waiwaya.

Mutane ne zaune a jere, kowa bisa dutse ɗaya, tun daga inda yake har ƙarshen fili. Gajeru, lulluɓe da mayafai masu kalar jar ƙasa. Kowa da ƙunshinsa a gaba. Tabarmi naɗaɗɗu, tukwane, turmi. Wata ta goya jariri da ba ya motsi.

Ba wanda ya dube shi. Duk sama suke kallo.

Ta kusa da shi ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta ɗaga mayafinta ba.

"Mai hili, yaushe jirgin za ya zo?"

"Gobe, Inna."

"Ba mu kwana waje. Ka rushe muna gida, tuwo na bisa wuta. Tada muna hayaki mu tahi."

Bai san lokacin da ya ajiye bokiti ba. Ya ga hannuwansa suna tara ganye, suna ƙyasta wuta. Hayaki ya tashi fari. Iska na kaɗa masa riga, amma hayaƙin bai karkata ba. Ya miƙe ɗan kaɗan, sa'an nan ya lanƙwaso ya shige ƙasa, daidai inda surin yake.

Sai rugugi.

Ba daga sama ba. Daga ƙarƙashin ƙafafunsa.

Duwatsu suka fara rawa. Mutanen suka miƙe, suka ɗora kaya a ka, suka yi layi. Ƙafafunsu ba sa tada ƙura. Na gaba ya isa wurin, ya nutse a hankali kamar mai sauka rijiya. Na biye ya bi.

Tsohuwar ta kama gefen rigarsa. Hannunta da ɗumi.

"Taho, ɗana."

"Ina, Inna?"

"Wa ag gare ka nan? Muna jinka kullum kana gaida bukka da sahe. In ka mutu, ungulu ce za ta kai labari gari. Mu ba mu cin tuwo mutum guda."

Maganar ta shige shi fiye da tsoro, don gaskiya ce. Ya ji ƙamshin miya, ya ji hirar mata can ƙasa, da dariyar yara. Ya taka. Ya ƙara takawa.

Ƙasa ta kama idon sawunsa.

Ta kai gwiwa.

Ɗumin ya juye sanyi. Dariyar ta tsaya cak, kamar masu yin ta sun saurara su ji ko ya shigo.

Ya yunƙura. Ƙasa ta ƙara ja.

Ta kai ƙugu.

"Salamu alaikum, masu gida!" Ya ɗaga murya. "Na yi laihi. Ban ba ku kwana ukku ba. Amma ku kun san al'ada. Ba a tada mutum gidanai ba sanarwa. Ku ba ni nawa kwana ukku."



Rugugin ya lafa. Tsohuwar ta tsaya a kansa, mayafinta na taɓa goshinsa, babu numfashi a bayansa.

"Mu ba mu karya ta ba tun da munka zauna dajin ga," in ji ta. "Ukku."

Ta saki rigar.

Ya ja jiki ya fito da rarrafe. Da ya ɗaga kai, fili fayau, babu kowa. Takalmansa dai ƙasa ta riƙe.

Washegari jirgi ya sauka lafiya, ya tashi lafiya. Mijinyawa ya miƙa wa Lawali diga da bokiti, ya ce a nemi wani. Bai ɗauki komai a bukkar ba sai buta da allonsa. Ya taka da ƙafa, ba takalmi, har Bodinga, ya roƙi wani tela mai suna Mode ya bar shi ya riƙa kwana a zaurensa, bakin kasuwa, inda hayaniya ba ta yankewa.

Ran Asabar makiyaya suka kawo labari. Suri ya haɗiye bukkar har tsororuwa, cikin yini ɗaya. Ba a sami mai karɓar gadin ba, kafin yaƙi ya ƙare sabara ta cinye filin.

Mijinyawa ya rayu shekara goma sha ɗaya a zauren nan. Ba ya yarda magariba ta same shi shi kaɗai. Mutane suka ce tsoro ne, shi ma bai musa ba. Sai gab da rasuwarsa, wata rana suna cin tuwo da Mode, ya tsame hannu daga akushi, ya dubi kudu, wajen tsohon filin.

"Ba su nika tsoro ba, Mode," ya ce. "Kaina nika tsoro. Tun da nike, ba wanda ya taɓa ce mani taho awa yadda ta ce."