Sati Shida Kafin a Sauya Ɗan Kunne

Da hantsi ta shigo shagon maƙeran zinariya, ta damƙe gefen gyalenta kamar mai shirin gudu. Auta ake ce mata a gida. Malama ce a makarantar ƙananan yara, shekararta ashirin da uku, kunnenta kuma babu huji. An huda mata tana jaririya, doguwar jinya ta sa aka cire 'yan kunnen har hujin ya toshe, tsoron allura ya hana ta sakewa.

A bakin ƙofa ta tarar da mai shagon, tsohon da duk layin ke kira Kawu. Sau biyu gobara na cinye masa shago yana kaɗe toka yana ci gaba. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ya auna gwal a tafin hannu, sikeli sai dai ya bi bayansa. Can ciki kuma ɗan ƙanwarsa ne, saurayin maƙeri mai ƙarancin magana.

Ya ɗago suka haɗa ido. Auta ta manta abin da ya kawo ta.

"Malama, rufe idonki ki ƙirga min yaran ajinki," in ji maƙerin, bayan ya wanke hannu ya goge mata kunne da auduga.

Tana kan na bakwai ya ce an gama. Wasu mitsitsin 'yan kunne ya sa mata, kamar ƙwayar raɓa.

"Ruwan gishiri mai ɗumi, safe da yamma. Kar ki taɓa sai kin wanke hannu, kar ki danne shi da filo. Kuma kar ki cire, kar ki sauya, sai ya cika sati shida."

"In na manta fa?"

"Ba ni lambarki, ni ba na mantuwa."

Kawu ya yi gyaran murya. "Shekara hamsin ina huda kunne, ban taɓa jin lamba na cikin magani ba."

Washegari saƙo ya shigo. "Matsoraciyata, an wanke kunnen? Saura kwana arba'in da ɗaya."

Ta mayar: "Mai Allura, an wanke. Na dama yana gaishe ka, na hagu yana fushi."

Haka kwanakin suka yi ta tafiya a hankali. Ta kan zauna gaban madubi da kofin ruwan gishiri, audugar ta huce a hannunta tana murmushi ita kaɗai. A aji yara su yi ta kiran Anti, Anti, ita tana can shagon da ke ƙanshin gawayi. Wata rana ta biya shagon, ya nuna mata abin da yake ƙerawa a ɓoye: 'yan kunne masu lilo, kowanne da ganye uku.

"Naki ne, ranar da kika cika sati shidan. Suna da nauyi, sabon huji ba zai ɗauka ba."

Amma Umma, mahaifiyarta, ba ta son zancen. "Mutumin da farcensa bai rabuwa da baƙi? Ga mai sayar da motoci nan yana ta sintiri, ke kin liƙe wa mai hura wuta."

A sati na uku Mai Motoci ya shiga shagon neman abin burge Auta, a lokacin maƙerin ya fita sayo kayan aiki. Kawu ya buɗe aljihun tebur ya ga masu ganye uku, ya sayar masa. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya masa, kuma kowane gwani zai yi haka. Ya ma gargaɗe shi: "In sabon huji ne a jira."

Mai Motoci bai jira ba. A falo ya buɗe akwatin gaban Umma, ya ce a sa yanzu ya ɗauki hoto. Auta ta gane su nan take. Ashe ya sayar? Ashe duk ganye ukun ciniki ne?

"Umma, an ce sai sati shida."

"Wa ya ce? Mai hura wutar? Kar ki kunyata ni gaban baƙo."

Da haushin maƙerin ta zare ƙananan. Sabon na hagu ya ƙi shiga sai da ta tura, jini ya ɗigo a kafaɗarta. Mai Motoci ya ce ta ɗan juya wancan gefen, hoton zai fi kyau.

Saƙo ya shigo da yamma: "Saura ashirin da ɗaya." Ba ta amsa ba. Kwana uku tana sharewa, kunnen yana kumbura, ya yi ja, ya fara ruwa. Da Umma ta kira Mai Motoci, cewa ya yi, "Ai mata sun saba, ta jure. Kar dai a cire, abokaina za su zo ganinta."

Umma ta kashe wayar. Sannan ta ɗauki ta Auta, ta ga saƙon da ya shigo:

"Kawu ne ya sayar da su ba na nan, sai yau na gano wa ya saya. In kin zaɓe shi, Allah ya sa alheri. Amma in kin sa su, don Allah je asibiti yau, kar ki zare su da kanki. Kunnen ba ruwansa da rigimarmu."

Sau biyu Umma ta karanta. "Tashi, ɗauko gyalenki."

A asibiti aka cire, aka ba ta magani. Na dama ya tsira, na hagu ya toshe. Umma da kanta ta mayar wa Mai Motoci akwatinsa, shi kuma ya dawo da su shagon yana huci, Kawu ya karɓa bai ko tashi daga kujera ba.

Bayan wata biyu, da kunnen ya warke sarai, Umma ta riƙo hannun Auta har cikin shagon.

"Yaro, ga kunnen da na ɓata. Gyara. Wannan karon ni zan ƙirga kwanakin, in sun cika ka turo manyanka."

"Manyansa ga shi zaune," in ji Kawu. "Tun ranar da ta shigo na san haka za a yi."

Maƙerin ya wanke hannu. "Rufe ido, Matsoraciyata."

"Ba zan rufe ba," in ji ta, tana kallonsa.

Sati shida cif Umma na kawo ruwan gishirin da hannunta. A na bakwai aka ɗaura aure. Da aka kai amarya ɗakinta, angon ya zare ƙananan a hankali ya sa mata masu ganye uku, suka shige ba ko ɗan zafi. Ta girgiza kai suka yi lilo.

Allah ya bar su tare, ya ba su 'ya'ya mata da yawa. Kawu ya riga ya ce shi zai huda musu.